Yadda masu son jamhuriya suka kayar da kansu a Ostireliya a 1999

Ranar Asabar 6 ga watan Nuwamba 1999 mutanen Ostireliya suka fita jefa ƙuri'ar raba gardama, kuma can ba a cewa wai yau na gaji bari in yi kwanciyata a gida, zaɓe dole ne, in ba ka je ba sai ka biya tara, shi ya sa kusan kashi 95 cikin 100 na masu rajista suka fito. Ƙuri'ar ma ba dangwale ake yi ba, wani ɗan akwati ne aka zana a ƙasan tambayar, kai da hannunka za ka ɗauki fensir ka rubuta e ko a'a da Turanci. Tambayar kuwa ita ce, ka yarda a gyara kundin tsarin mulki a mai da ƙasar jamhuriya, a cire Sarauniya da gwamna-janar, a sa shugaban ƙasa wanda kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar tarayya za su naɗa?

Da aka gama ƙirga, masu cewa e sun samu kashi 45.13, masu cewa a'a kashi 54.87. Ko jiha ɗaya daga cikin jihohi shida masu son jamhuriya ba su ci ba. Biktoriya ce ta yi kusa, kashi 49.84, saura ƙiris, Kwinslan kuwa ko kashi 38 ba su kai ba. Yankin babban birni Kanbera ne kaɗai ya ce e da rinjaye mai kyau, sama da kashi 63, shi kuma ba jiha ba ne.

To abin da ya sa wannan lamarin ya daɗe yana cina a rai shi ne, a wancan lokacin duk wani binciken jin ra'ayi da aka yi yana nuna cewa yawancin mutanen ƙasar sun fi son ɗan ƙasarsu ya zama shugaban ƙasa maimakon Sarauniyar da ke zaune a Landan. Kusan duk manyan jaridu suna bayan jamhuriya. Jam'iyyar Leba tana baya, wani ɓangare na jam'iyyar Libaral mai mulki ma yana baya, har da ministan kuɗi Peter Costello. Duk da haka suka sha ƙasa. Ni kam ra'ayina a fili yake, ina ganin bai dace a ce ƙasa mai cikakken 'yanci shugabanta wani ne da ya gaji kujerar a wata nahiya daban ba, amma fa ina ganin masu son jamhuriyar nan su suka jawo wa kansu wannan faɗuwa, kuma talakan da ya rubuta a'a yana da hujjarsa.

Bari in fara da yadda tsarin yake, don wanda bai sani ba zai ɗauka wai har yanzu Ingila ce ke mulkin su. A'a. Tun 1 ga Janairu 1901 yankuna shida da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka suka haɗu suka zama tarayya ɗaya da kundin tsarin mulkinta, sannan a hankali aka riƙa yanke igiyoyin da suka rage, na ƙarshe a 1986 lokacin da aka hana ɗaukaka ƙara zuwa Landan kwata-kwata kuma majalisar Birtaniya ta daina iya yi musu doka. Abin da ya rage shi ne rawani. Duk wanda ke kan gadon sarautar Ingila shi ne kuma sarkin Ostireliya, amma ba ya zama a can, yana da wakili da ake kira gwamna-janar, shi kuma wannan wakilin firaministan Ostireliya ne ke zaɓo shi, sarki sa hannu kawai yake yi. A watan Yuni na 1999 ɗin ma, wata biyar kafin ƙuri'ar, babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa Birtaniya ƙasar waje ce a idon doka, har ta soke zaɓen wata mata da ta ci kujerar sanata saboda tana riƙe da takardar zama 'yar Birtaniya. Ka duba wannan da kyau. Ɗan majalisa ba zai iya zama ɗan Birtaniya ba, amma shugaban ƙasa gaba ɗaya ɗan Birtaniya ne, kuma a dokar gadon sarautar dole ya zama Furotesta, ɗan Katolika ba zai hau ba balle Musulmi, ga shi ƙasar cike take da 'yan asalin Ayalan da Italiya da Girka da Lebanon da Biyetnam da Sin. Wannan ita ce babbar hujjar masu son canji, kuma wallahi hujja ce mai ƙarfi.

Amma ba za ka gane rigimar 1999 ba sai ka koma 11 ga Nuwamba 1975, don a nan aka ji ciwon da har yau bai warke ba.

A lokacin Gough Whitlam na jam'iyyar Leba ne firaminista, yana da rinjaye a majalisar wakilai amma ba shi da shi a majalisar dattawa. Madugun adawa Malcolm Fraser ya sa sanatocinsa suka ƙi sakin kasafin kuɗi tun tsakiyar Oktoba, suka ce sai Whitlam ya kira babban zaɓe, shi kuma ya ce ba zai kira ba, ai majalisar wakilai ce ke kafa gwamnati ba ta dattawa ba. Aka yi ta ja-in-ja, kuɗin gwamnati na neman ƙarewa, albashin ma'aikata na cikin haɗari. Ranar 11 ga wata da tsakar rana Whitlam ya tafi gidan gwamna-janar Sir John Kerr, mutumin da shi da kansa ya zaɓo aka naɗa a 1974, da niyyar ya ba shi shawarar a yi zaɓen rabin majalisar dattawa. Bai san cewa Fraser ya riga shi isowa ba, an ajiye shi a wani ɗaki yana jira. Kerr ya miƙa wa Whitlam takardar kora a hannu, yana fita aka shigo da Fraser aka rantsar da shi firaministan riƙon ƙwarya. Kafin yamma majalisar dattawa ta saki kuɗin, majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da Fraser, kakakinta ya tafi ya sanar da Kerr amma kafin a ba shi damar ganinsa an riga an sa hannu an rushe majalisun biyu. Sakataren gwamna-janar ya tsaya a matakalar tsohon ginin majalisa yana karanta sanarwar, jama'a na ihu, ya rufe da addu'ar da aka saba ta Allah ya kare Sarauniya, Whitlam yana tsaye a bayansa, yana gamawa ya karɓi makirfo ya ce lallai ya kamata mu ce Allah ya kare Sarauniya, don babu abin da zai kare gwamna-janar.

Kakakin majalisa ya rubuta wa Sarauniya yana neman ta sa baki, fada ta amsa cewa ba huruminta ba ne. Aka yi zaɓe a watan Disamba, Fraser ya ci da gagarumin rinjaye. Shekaru 45 bayan haka, a 2020, bayan wata malamar tarihi Jenny Hocking ta yi shari'a har babbar kotu, aka saki wasiƙun da Kerr ya riƙa yi da sakataren Sarauniya Martin Charteris, sai aka ga cewa sun yi ta tattauna batun ikon da gwamna-janar ke da shi, amma Kerr bai gaya wa Sarauniya ranar da zai yi korar ba sai bayan ya yi. Kuma dalilin da ya sa bai gargaɗi Whitlam ba sananne ne, yana tsoron in ya nuna masa alama, Whitlam zai riga shi ya buga waya Landan a cire shi. Wato mutum biyu kowanne na iya korar ɗaya, wanda ya riga shi ya ci. A kan wannan gaɓar duk sauran labarin yake.

Da aka shiga shekarun 1990 sai maganar jamhuriya ta taso da ƙarfi. A 1991 aka kafa ƙungiyar masu fafutukar jamhuriya, daga 1993 wani lauya kuma ɗan kasuwa mai kuɗi Malcolm Turnbull ya zama shugabanta. A 1992 masu son sarauta su ma suka kafa tasu, Tony Abbott na cikin waɗanda suka fara riƙe ta. Firaminista Paul Keating ya ɗauki abin da zafi, a 1995 ya tsaya a majalisa ya ce yana so ƙasar ta zama jamhuriya kafin 2001 lokacin da tarayyar za ta cika shekara ɗari. Sai ya faɗi zaɓe a 1996, John Howard ya hau, shi kuma mai son sarauta ne bai taɓa ɓoyewa ba, amma ya riga ya yi alkawarin zai kira babban taro a tattauna, kuma ya cika.

An yi taron daga 2 zuwa 13 ga Fabrairu 1998 a wannan tsohon ginin majalisar dai da aka karanta sanarwar rushe majalisu a matakalarsa a 1975. Wakilai 152, rabi jama'a suka zaɓa rabi gwamnati ta naɗa. Da aka tambayi wa ke son jamhuriya a dunƙule, 89 suka ce e, 52 suka ce a'a, 11 suka ƙaurace. Har nan lafiya lau. Da aka zo kan wane irin jamhuriya, nan fa bango ya tsage. Su Turnbull suna son canji ɗan kaɗan, a cire sunan Sarauniya, a canza wa gwamna-janar suna ya koma shugaban ƙasa, firaminista ya gabatar da suna ɗaya bayan wani kwamiti ya tattara sunaye daga jama'a, madugun adawa ya mara masa baya, majalisun biyu su zauna tare kashi biyu bisa uku su amince, wa'adi shekara biyar. Wasu kuma irin su Ted Mack da Phil Cleary, tsofaffin 'yan majalisa masu zaman kansu, da Clem Jones tsohon magajin garin Birisben, suka ce ina, in dai jamhuriya ce to jama'a su zaɓi shugabansu da hannunsu. A ƙarshe tsarin su Turnbull ya samu ƙuri'a 73, masu ƙi 57, 22 suka ƙaurace. Ka lura, 73 cikin 152 ko rabi bai kai ba, a cikin zauren ma ke nan. Howard ya ce to shi ke nan, wannan ne ya fi yawan goyon baya, shi za a kai wa jama'a.

Mutane da yawa suna cewa Howard dabara ya yi, ya san tsarin ba zai ci ba shi ya sa ya yi saurin amincewa. Ko ma haka ne, ba shi ya rubuta musu tsarin ba, su suka kawo abinsu.

Kuma fa ba wai su Turnbull ba su da dalili ba ne, gaskiya dalilinsu mai nauyi ne. Cewa suke, gwamna-janar da ba wanda ya zaɓe shi ya iya korar firaminista a 1975, to yaya kake gani in ka ba mutumin da miliyoyin jama'a suka zaɓa wannan ikon? Firaminista mazaɓa ɗaya ce ta zaɓe shi sannan 'yan jam'iyyarsa suka ɗora shi, shugaban ƙasa kuwa zai ce ni duk ƙasa ce ta zaɓe ni, ranar da suka saɓa wa zai saurara wa wa? Sannan zaɓen ƙasa baki ɗaya sai mai jam'iyya ko mai kuɗi, ka ga a ƙarshe ɗan siyasar da ake gudu shi zai hau. Amma in sai kashi biyu bisa uku na majalisa sun yarda, dole manyan jam'iyyun biyu su haɗu a kan mutum, ke nan sai dattijon da ba ya ɓangare, tsohon alƙali ko makamancinsa.

Maganin wannan tsoron kuwa sananne ne, Ayalan ta yi shi tuntuni, jama'a ne ke zaɓen shugaban ƙasa amma an rubuta ikonsa dalla-dalla a kundin tsarin mulki, an ɗaure shi, ba zai tashi da safe ya kori gwamnati ba. To me ya hana a yi haka a Ostireliya? A nan ne ciwon 1975 ya dawo. In za ka rubuta ikon, dole ka amsa tambayar shin abin da Kerr ya yi daidai ne ko kuskure, kuma shin majalisar dattawa na da ikon riƙe kasafin kuɗi har gwamnati ta faɗi. Leba za ta ce a'a, Libaral za ta ce e, ba wanda zai sauka. Sai aka zaɓi a lallaɓa a wuce, aka ce shugaban ƙasa zai gaji ikon gwamna-janar yadda yake tare da al'adun da ba a rubuta ba. Sannan don kar ya yi ƙarfi da yawa aka sa wani sashe da ni a ganina shi ne mafi muni a duk tsarin, wai firaminista zai iya korar shugaban ƙasa nan take da takarda ɗaya mai sa hannunsa, ba sai ya faɗi dalili ba, daga baya cikin kwana 30 ya kai majalisar wakilai ta amince, majalisar da dama shi ke da rinjaye a cikinta, kuma ko ta ƙi amincewa wanda aka kora ba zai koma kujerarsa kai tsaye ba. Haba. Naɗawa sai kashi biyu bisa uku, cirewa kuma mutum ɗaya da biro ɗaya. Wannan rige-rigen na wa zai riga korar wani da ya jawo masifar 1975 ba a gyara shi ba, sai ma aka rage nisan, da sai an aika Landan, yanzu a cikin gari ɗaya za a gama.

Mu a Najeriya mun taɓa ganin irin wannan tsarin da idonmu. Ranar 1 ga Oktoba 1963 muka sauke Sarauniya, Dakta Nnamdi Azikiwe ya tashi daga gwamna-janar ya koma shugaban ƙasa, majalisa ce ta zaɓe shi na shekara biyar, mulki na hannun firaminista Sir Abubakar Tafawa Balewa, ba a yi wata ƙuri'ar raba gardama ba. Wata 15 kacal bayan haka, bayan zaɓen 30 ga Disamba 1964 da aka yi rigima a kansa wasu suka ƙaurace, Zik ya ƙi kiran Balewa ya kafa gwamnati, aka yi kwanaki ƙasa ba ta san inda ta dosa ba, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani aka sasanta a farkon Janairu 1965. Canza sunan kujera ba shi da wuya, sanin iyakar mai zama a kanta shi ne aikin.

Mu koma Ostireliya. Da aka zo kamfe sai abin mamaki ya faru, gwamnati ta kafa kwamitin e da kwamitin a'a ta ba kowanne kuɗi daidai wa daida, sai ga Ted Mack da Clem Jones, masu son jamhuriya na gaske, sun zauna a kwamitin a'a tare da masu son sarauta ƙarƙashin shugabarsu Kerry Jones. Su kuma masu son sarautar suka yi wayo, kusan ba su ambaci Sarauniya ba a duk tallansu, ba su ce ku zo mu kare rawani ba, cewa suka yi ku ƙi jamhuriyar 'yan siyasa, in kuna so ku zaɓi shugabanku da kanku to ku ce a'a ga wannan, wani zai zo daga baya. Suka ƙara da cewa abin da bai lalace ba kar a taɓa shi, kuma in ba ka gane ba ka ce a'a. Ɓangaren e kuwa suka tara manyan mutane, 'yan wasa, 'yan kasuwa, tsofaffin shugabanni, har Whitlam da Fraser da suka yi waccan rigimar suka fito a talla ɗaya suna cewa a zaɓi e. A wajen 'yan boko abin ya burge, amma a wajen mutumin da dama yake zargin manya sun haɗa kai a kansa, ai ka ba shi hujja ne da hannunka.

Taswirar sakamakon ita ta fi komai faɗar gaskiya. Cikin mazaɓu 148 na majalisar wakilai 42 ne kawai suka ce e, kuma yawancinsu unguwannin tsakiyar Sidni da Melbon ne inda masu digiri da masu hali ke zaune, ko da kuwa 'yan Libaral ne. Mazaɓar Howard kansa, Bennelong, e ta ce. Mazaɓar madugun adawa Kim Beazley da ke ta kamfen ɗin e, a'a ta ce. Ƙauyuka da garuruwan ma'adinai da unguwannin ma'aikata na bayan gari, waɗanda da yawansu Leba suke zaɓa tun kaka da kakanni, suka juya wa jam'iyyarsu baya. Ba son gidan sarautar Ingila ne ya haɗa ma'aikacin kamfani da manomin karkara ba, abin da ya haɗa su shi ne an zo an ce musu ku ba mu wuƙa da nama mu zaɓa muku, su kuma ba su yarda da masu tambayar ba. Kuma ni abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda bayan faɗuwar wasu suka riƙa magana kamar jahilci ne ya sa talakawa suka ƙi, alhali abin da talakan ya nema bai fi a bar shi ya zaɓa ba, wanda shi ne asalin ma'anar jamhuriyar da ake ta yi masa wa'azi. A daren sakamakon Turnbull ya ce tarihi zai tuna Howard a matsayin firaministan da ya karya zuciyar ƙasar. Na fahimci zafin da yake ji, amma ba Howard ne ya sa mutanen Beazley suka rubuta a'a ba.

Su ma su Ted Mack suna da nasu laifin, kar a ce na rufe ido. Sun gaya wa mutane ku ƙi wannan, mai kyau na nan tafe. Yau sama da shekara 25 ke nan bai zo ba, Clem Jones ya rasu, Ted Mack ya rasu, ba su ga wata ƙuri'ar ba. Ga shi kuma sun san yadda gyaran kundin tsarin mulkin ƙasarsu yake da wuya, sashe na 128 ya ce sai an samu rinjayen ƙasa baki ɗaya sannan a samu rinjaye a jihohi huɗu cikin shida, tun 1901 an kai wa jama'a tambaya 45, takwas ne kawai suka wuce, rabon da wata ta wuce tun 1977. Wanda ya san wannan bai kamata ya yi wa mutane alkawarin zagaye na biyu kamar abin a aljihunsa yake ba. A ranar ma akwai tambaya ta biyu kan sabuwar gabatarwa ga kundin, wadda ta ambaci 'yan asalin ƙasar, ita ko kashi 40 ba ta samu ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Sarauniya Elizabeth ta je ƙasar a watan Maris 2000 ta ce makomar sarauta a Ostireliya magana ce ta mutanen ƙasar su kaɗai. Abbott ya zama firaminista a 2013, ya dawo da lambobin girma irin na da, a Janairu 2015 ya ba mijin Sarauniya, Yarima Philip, ɗaya, abin ya jawo masa suka har a cikin jam'iyyarsa. A watan Satumba na shekarar Turnbull ya ture shi ya hau, wato mutumin da ya jagoranci fafutukar 1999 ya zama firaminista na kusan shekara uku, ya soke lambobin amma bai kira ƙuri'a ba, ya ce a jira sai bayan zamanin Sarauniya. A Nuwamba 2021 ƙaramar ƙasar tsibiri ta Babados ta zama jamhuriya ta hanyar majalisa kawai, gwamna-janar Sandra Mason ta koma shugabar ƙasa, amma su dokarsu ba ta tilasta a tambayi jama'a ba, don haka ba a haɗa su. A 2022 ƙungiyar masu son jamhuriya ta Ostireliya ta fito da sabon tsari, majalisun jihohi da yankuna da ta tarayya su tsayar da 'yan takara har 11 sannan jama'a su zaɓa, wato sun dawo kan abin da su Mack suka faɗa bayan shekara 23.

Sarauniyar ta rasu 8 ga Satumba 2022. Firaminista Anthony Albanese, wanda shi ma mai son jamhuriya ne, ya riga ya naɗa ƙaramin minista musamman don wannan batu, amma ya ce sai an fara da maganar 'yan asalin ƙasar, mutanen da suke nan dubban shekaru kafin jiragen Turawa su iso a 1788, a ba su wata majalisar ba da shawara a cikin kundin tsarin mulki. Aka yi ƙuri'ar ranar 14 ga Oktoba 2023, kusan kashi 60 suka ce a'a, duk jihohi shida suka ƙi, Kanbera ce kaɗai ta ce e, taswirar kusan irin ta 1999 sak, har taken in ba ka gane ba ka ce a'a ya dawo. A Yuli 2024 aka soke muƙamin ƙaramin ministan. A Oktoba Sarki Charles ya kai ziyara, yana gama jawabi a majalisa wata sanata 'yar asalin ƙasar, Lidia Thorpe, ta taso tana ɗaga murya tana cewa kai ba sarkina ba ne, ku dawo mana da ƙasarmu, jami'an tsaro suka fita da ita. A wajenta da mutanenta maganar ba ta tsaya a kan wa zai naɗa shugaban ƙasa ba, suna tambaya ne da izinin wa aka kafa rawanin a ƙasarsu tun farko, tunda ba a taɓa ƙulla yarjejeniya da kakanninsu ba, kuma wannan tambayar babu ita a takardar ƙuri'ar jamhuriya ta 1999.

Ikon nan da ba a rubuta iyakarsa ba kuwa yana nan daram. A 2022 aka gano cewa tsohon firaminista Scott Morrison ya sa an naɗa shi a asirce ya riƙe ƙarin ma'aikatu biyar a lokacin korona, ciki har da ta lafiya da ta kuɗi, wasu ministocin ma ba su san suna da abokin tarayya a ofishinsu ba, kuma gwamna-janar na lokacin ya sa hannu saboda al'ada ta ce ya bi shawarar firaminista. A 1975 mai kujerar ya yi gaban kansa aka yi kuka, a wannan karon ya bi umarni aka yi kuka. Kundin tsarin mulkin ƙasar har yau ko sau ɗaya bai ambaci kalmar firaminista ba, sashe na 64 kuma yana nan yadda aka rubuta shi tun 1901, cewa ministoci suna riƙe da muƙamansu ne muddin gwamna-janar ya ga dama. Da shi Kerr ya kori Whitlam, kuma shi sabuwar gwamna-janar Sam Mostyn ta tarar a kan teburinta ranar 1 ga Yuli 2024 da aka rantsar da ita.